Ramin Ciyaman da Takardar Baba

Kun sha jin labarin nan a bakin Gwaggo Tabawa kafin ta rasu, kun kuma ji shi a bakin mutanen unguwa: wai ubanku tun yana ɗalibi ya shiga ofis ya gyara injin da ya gagari manya, ya ceci aikin kakanku. Duk lokacin da aka faɗa a gabana nakan sunkuyar da kai, ku kuma ku ɗauka kunya ce. Ba kunya ba ce kaɗai. Akwai rabin labarin da ban taɓa faɗa ba, kuma tun da likita ya fara yi mini maganar hawan jini na ga gara in rubuta shi da hannuna, kada in bar ku da rabin da ya fi daɗi.

Kakanku Malam Garba akawu ne. Kusan shekara talatin ya yi yana buga tafireta a ofishin wata haɗakar ƙungiyoyin manoma a nan Batsari. Ba zan faɗi sunanta ba, ta ma watse tuni. Aikinsu tattara sunayen manoma daga Karare da Ruma har ƙauyukan da ke wajen Safana, a kai birni, a samo musu taki da iri. Duk sunan da ya shiga takarda, ta yatsun Baba ya bi. An san shi da abu biyu: ba a taɓa samun kuskure a takardarsa ba, kuma bai taɓa tashi ya bar kayan aiki a buɗe ba. In an yi la'asar sai ya goge tafiretar da ƙyalle, ya ɗauke ta ya sa a kabad, ya kulle, ya ja ƙofar sau biyu ya tabbatar.

Ni ne ɗansa na fari, kuma ku da kuke hawa kafaɗata kuna ja mini gemu ba za ku gane abin da wannan ke nufi a gidanmu ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. In yana son in yi wani abu sai ya gaya wa yayarsa Gwaggo Tabawa, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, ita kuma ta gaya mini, ko da kuwa ina zaune taku uku daga inda yake. Ni dama ba mai magana ba ne, sai abin ya zo mini daidai. Na girma a gefen ɗakin Gwaggo da littattafaina, kuma har na shiga kwaleji a Katsina ban tuna ranar da na fara yi wa Baba magana da ta wuce gaisuwa ba.

A shekarar da nake ba ku labari ina aji biyu a kwaleji. A shekarar ce aka kawo wa ofishinsu kwamfuta da firinta, shugaban haɗakar kuma, Alhaji Mamman, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya ce daga ranar ba ya son ganin takardar tafireta. Baba ya ɗauko tsohuwar tafiretarsa ya kawo gida ya tura ƙarƙashin gado. Bai yi gardama ba. Ya koyi bugu a kwamfuta da yatsunsa na da, kuma cikin wata guda ya fi duk mutanen ofis sauri. Firintar ce ta zame masa masifa. Wata rana ta yi aiki lafiya lau, wata rana ya tura takarda ta yi shiru, kwamfuta ta rubuta masa kalma ɗaya, oflayin, wato wai ba ta ganin firintar, alhali ga ta nan kusa da ita fitilarta a kunne. Ranar da ta ga dama kuma sai ta farka ta amayo duk takardun da aka tura mata a kwanakin baya, a yi asarar farar takarda. An kira mai gyara daga Katsina. Ya zo ya cire duk abin da ke jikin kwamfutar, ya haɗa da kansa, firinta ta yi aiki a gaban kowa. Ya ce lafiyarta ƙalau, sai dai a duba mai amfani da ita. Ya hau mota ya koma. Washegari ta ƙi.

Abin da ya fi muni, an lura cewa ranakun da take ƙi su ne ranakun da Ciyaman ke ofis. In ya yi tafiya, sai ta yi ta aiki kamar ba ita ba. Ba sai na gaya muku yadda mutane suka fassara wannan ba.

Na dawo hutu ana tsakiyar bazara, zafi ya kai inda ya kai, kowa ido a sama ana jiran ruwan fari. Na tarar da gidan ba yadda na bar shi ba. Baba ya rame. Yana dawowa daga aiki sai ya zauna a zaure da wani ƙaramin littafi yana dubawa, tuwo na hucewa a gabansa. Ran Laraba da yamma, ina zaune ina karatu a inuwar darbejiya, Gwaggo ta fito ta tsaya a tsakar gida, ta ɗaga murya yadda zaure zai ji.

"Garba, kai nike wa magana. Gobe ne ko ba gobe ba?"

"Gobe ne, Yaya," in ji Baba daga zaure.

"Mi ya ce maka? Faɗi in ji da bakinka."

Baba ya ce Ciyaman ya yi mako biyu bai yi fashin ofis ba saboda sunayen masu taki, mako biyun nan kuma ko layi ɗaya bai fita ba. Gobe da azahar mota za ta tafi birni da sunayen. Ciyaman ya hana a fita da su shagon buga takardu na kasuwa, ya ce sirrin ofis ne. Ya kuma ce in azahar ta yi babu takarda, zai rubuta cewa akawu ne ke yi masa zagon ƙasa da gangan, ya sallame shi a kan haka.

"Zagon ƙasa!" in ji Gwaggo. "Kai da ko biron ofis ba ka taɓa kawowa gida ba? To ga wanda ake ta kai wa gari da ƙuli-ƙuli Katsina don ya koyi abin nan, zaune yana cin littafi kamar gara. Ba za ka tahi da shi ba?"

"Ofis ba wurin yara ba ne."

"Yaro? Gemu gare shi. Ɗan Gwaggo, tashi ka amso littafin can hannun ubanka."

Ban tashi ba, ita ta je ta karɓo ta dire mini a cinya. Gaskiyar da ban gaya wa Gwaggo ba ita ce, darasin kwamfuta a kwalejinmu a allo muka yi yawancinsa. Mu da yawa ne, injinan kaɗan, ni kuma ba na iya turereniya, sai in tsaya a baya ina leƙe. Abin da nake da shi kawai littafin rubutuna, inda na kwafe duk abin da malami ya faɗa da duk abin da na samu a laburare, har da zanen hotuna. Na buɗe littafin Baba. Kowace rana ya ba ta layi ɗaya da rubutunsa mai tsabta: ranar, sannan "ta yi aiki" ko "ta ƙi", sannan abin da ya gwada. Ya gwada canza takarda. Ya gwada kunna ta kafin kwamfuta, ya gwada bayan kwamfuta. Ya gwada barinta ta huce. A wani layin ya rubuta cewa ya tofa mata addu'a. A gefe, da ƙananan haruffa, shi ma yana rubuta ko Ciyaman na nan ko ba ya nan. Ashe shi kansa abin na cinsa. Na karanta har magariba ban gane komai ba.

Da safe Baba ya fita bai ce in biyo shi ba, bai kuma ce kada in biyo shi ba. Na bi bayansa da tazara, littafina a hammata. Muka wuce rumfunan mahauta ana ta gaishe shi, "Akawu, an fito?", yana amsawa a taƙaice. Ni kuwa abin da nake ta maimaitawa a raina shi ne, in na taɓa injin nan ya lalace gaba ɗaya, to na ƙarasa ubana da hannuna.

Ofishin ɗaki biyu ne da baranda. Akwai ma'aji, dattijo mai shiru, da maigadi, da Isiya mai kula da sito, wanda bakinsa ba ya hutawa. Yana ganina ya tafa hannu.

"A'a! Yau Malam Oflayin ya zo da injiniya. Sannu injiniya, daga wace ƙasa?"

Na gaishe shi na nemi lungu na tsaya. Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya buɗe kabad, ya fito da firintar a rungume kamar yadda yake yi wa tafireta, ya goge ta, ya warware kebul ɗinta da ya naɗe jiya. Sai ya tsaya riƙe da bakin kebul ɗin, bai sa ba. Yana jira.

Ciyaman ya iso, babban mutum mai babbar murya, gumi ya riga ya jiƙa masa wuyan riga. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗan wa?"

"Na gidana ne, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Yana ɗan karatun abin."

"To. Mai gyara na birni ya ce lafiyarta lau, amma bari mu ga ɗan gida. Azahar dai na ce, Malam Garba. Ni ma akwai waɗanda ke jirana."

Maigadi ya tada janareta. Abin da na gani bayan nan shi ne mabuɗin komai, ko da yake a lokacin ban sani ba, rubutawa kawai na yi don ban san abin da zan yi da hannuna ba. A kwanakin nan wuta kan yi sati ba ta zo ba, saboda haka duk inda janareta ya tashi nan ake cajin waya. Soket ɗin ofis ɗaya ne, kwamfuta da firinta sun cinye shi, sai mutane suka gano cewa ramukan jikin kwamfuta ma suna ba waya caji. Ramuka huɗu ne, biyu a gaba, biyu a baya. Kuma da tsari ake shiga, kamar zaman cin abinci. Ciyaman ya fara zagayawa baya ya sa wayarsa a ramin sama. Ma'aji ya sa tasa a gaba. Isiya ya sa tasa kusa da ita. Sai da manya suka gama sannan Baba ya sunkuya ya sa firinta a ramin da ya rage, na ƙasa a baya. Maigadi ya leƙo da wayarsa a hannu, ya ga babu wuri, ya koma baranda.

Baba ya tashi daga kujerarsa ya tsaya a bayanta. Na gane nufinsa, na zauna. Na bi littafina layi-layi, don ba ni da wata dabara. Na duba fitilar firinta, a kunne take. Na duba takarda, akwai, babu wadda ta maƙale. Na taɓa kebul ɗin a kai biyu, ya shiga sosai. Na kashe firinta na kunna. Na kashe kwamfuta na kunna, muka zauna muna kallon allonta tana tashi a hankali, ɗakin shiru sai ƙarar janareta. Na tura shafi ɗaya. Shiru. Kalmar ta fito.

"Ta gaishe ka kai ma," in ji Isiya. "Gado ne ashe."

Gumi ya fara ɗiga daga haɓata a kan littafin. Ciyaman na kai da kawowa tsakanin ɗakinsa da namu, kowane zuwa sai ya dubi agogo. Wasu manoma uku daga Ruma sun zo a kan babur don su ji ko sunansu ya shiga, suka zauna a baranda suna leƙowa ta taga. Rana ta ɗaga. Na sake kashewa na kunna, ba don ina sa rai ba, sai don kada a ga hannuna a tsaye. Ina jin numfashin Baba a bayana.

A shafin ƙarshe na abin da na kwafa akwai wani layi da ban taɓa fahimta ba: a duba jerin firintocin da kwamfuta ta sani. Na lalubo wurin da ƙyar. Da ya buɗe sai na ga hoton firinta biyu, alhali firinta ɗaya ce a ɗakin. Suna iri ɗaya, sai dai ta biyun an ƙara mata "kwafi na ɗaya". Ta farkon ta dushe kamar tsohon zane, amma ita ke ɗauke da 'yar alamar nan irin wadda malami ke yi wa amsar da ta yi daidai, wato ita kwamfuta ke tura wa duk wani aiki. Ta biyun kuwa a haske take, a farke, babu mai aika mata komai.

Na daɗe ina kallonsu. Sannan na dubi abin da na rubuta da safe, na tuna gefen littafin Baba. Na juya wajen ma'aji, don ba zan iya tambayar Baba ba, na ce a hankali:

"Baba Ma'aji, in Ciyaman ba ya nan, wa ke sa waya a ramin sama?"

"Ramin Ciyaman? Wa zai sa? Ba mai sawa. Maigadi kan samu na ƙasa, sai Akawu ya sa injin a na saman, tun da ita ba mutum ba ce balle a ce ta yi rashin kunya."

Sai komai ya zauna mini. Ranar da aka kawo injin, a ramin sama aka haɗa firintar, a nan kwamfuta ta san ta. In aka sa ta a wani ramin, sai ta ɗauke ta baƙuwa, ta buɗe mata sabon suna, ta ci gaba da tura aiki ga ta ramin sama, tana cewa ba ta nan. Baba kuwa kullum sai ya cire ya kulle a kabad, kullum da safe sai ya bar manya su fara zaɓa. Tsantseninsa da ladabinsa ne suka haɗu suka kai shi bakin kora.

Hanya biyu ke gabana. Zan iya ɗauke alamar nan in mayar kan ta biyun, takarda ta fita, ba wanda ya san abin da ya faru. Amma Ciyaman zai ci gaba da cewa akawu ne ya ga uwar bari ya saki, Isiya kuma zai ce ɗa ya iya abin da uba ya kasa. Ko kuma in sa a cire wayar Ciyaman a gaban kowa, a mayar da firinta raminta, kowa ya gani da idonsa cewa laifin ba na Baba ba ne. Hanya ta biyun nake so. Amma na tuna cewa in firintar ta farka za ta amayo duk abin da ke jira. Sai na buɗe layin takardun don in ga yawansu.

Aikin mako biyu ne a jere. Baba kan sa wa kowace takarda suna dalla-dalla, kamar yadda yake rubutawa a bangon fayil. Sunayen Karare. Sunayen Ruma. Wasiƙar gayyatar taro. A tsakaninsu kuma, da Turanci, takardar ajiye aiki ta Garba akawu. Na gangara ƙasa. Ga ta kuma. Na ƙirga, sau bakwai, kwana bakwai a jere, kowace da safe kafin a fara aiki. Sau bakwai ubana ya yi niyyar tafiya da mutuncinsa kafin a kore shi, sau bakwai injin ya ƙi fitar masa da takardar.

In na mayar da kebul ramin sama, takardun nan bakwai za su faɗo a hannun Ciyaman a gaban manoman Ruma. In tambayi Baba? Da wane baki, a gaban wa? Ban juya ba, amma ina ganin inuwarsa a gilashin allon, na san yana ganin abin da nake gani. Na jira ya yi tari, ko ya taɓa kujerar, ko wata alama. Bai motsa ba. Na ɗora hannu a kan mawus, ɗan abin nan da ake tura kibiyar allo da shi, na soke ta farko. Na soke ta biyu. Har bakwai, ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kaina.

Ladan ya fara gwada lasifika a masallacin bakin kasuwa lokacin da Ciyaman ya shigo ya tsaya.

"To, ɗan gida?"

Na miƙe. Muryata ta fito kamar ba tawa ba.

"Ranka ya daɗe, a yi mini aikin gafara. Da za a ɗan cire wayar can ta baya."

"Wayar wa?"

"Ta ramin sama, ranka ya daɗe."

Ciyaman ya dube ni, ya dubi Baba, sannan ya zagaya ya fizge wayarsa. Na durƙusa na zare kebul daga ƙasa na sa a sama. Na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Hoton da ya dushe ya yi haske. Firinta ta yi wani gurnani, ta ja takarda, sunayen Karare suka fara fitowa, da ɗumi. Manoman baranda suka yi kabbara. Na yi bayani a taƙaice, idona a ƙasa, na ce raminta ke nan, in an ba ta wani ba a ganinta. Da a nan aka tsaya, da ƙila komai ya tafi lafiya. Amma Isiya ya kasa riƙe bakinsa.

"La ilaha illallahu! Wata uku ana zagin Akawu, ashe Ciyaman ne oflayin!"

Dariya ta ɓarke har baranda, har maigadi. Ciyaman bai yi dariya ba. Ya tsaya riƙe da wayarsa, cajar na reto, fuskarsa ta yi nauyi. Ya ce, "Ku bar mata ramin." Ya tattara takardun ya fita. Sunaye sun tafi birni a ranar, kuma daga ranar bai sake cajin waya a ofis ba.

A hanyar gida Baba na gaba ina baya, kamar da safe. Gwaggo na jiranmu a bakin ƙofa, labari ya riga mu isowa, tana ta guɗa. Baba ya bari ta gama. Sannan ya ce, yana kallon bango:

"Yaya, ki gaya wa ɗanki an gode. Ki kuma gaya masa na ga abin da ya goge."

"Mi ya goge?"

"Abin da ba nasa ba."

Ya shige ɗaki. Jim kaɗan, kafin magariba, muka ji ƙarar da muka yi watanni ba mu ji ba: tafireta. Ta yi ɗan lokaci ta yi shiru. Na ce a raina shi ke nan, gobe zai kai. Gobe ta yi ya tafi aiki, ya dawo kamar kullum. Jibi ma haka.

Shekara huɗu ya ƙara a ofishin nan, kuma su ne mafi wuya a rayuwarsa. Ciyaman bai kore shi ba, ba shi da hujja, amma bai manta an yi masa dariya a gaban manoma saboda ɗan akawu ba. Ya daina aika wa shugabannin ƙauyuka su kawo sunaye, ya ce akawu ya je da kansa. Mutum mai shekara sittin, a bayan babur, cikin rana da laka, har gwiwoyinsa suka lalace. Daga baya na ji a bakin Inna cewa niyyarsa a waccan shekarar ita ce ya ajiye aiki ya koma gonar gado da ke Karare, har ya sa an yi mata shara. Lokacin da ya bar aiki kuwa hanyar ta riga ta ɓaci saboda 'yan bindiga, mutanen ƙauye ne ke kwasowa suna shigowa gari, ba mai fita noma nesa da gida da kwanciyar rai. Bai taɓa shuka ko zangarniya ɗaya a gonar ba. Duk damina in na ga ya zauna a zaure yana kallon hadari ta gabas, sai in tuna hannuna a kan mawus.

Bayan rasuwarsa ni da Gwaggo muka buɗe akwatinsa. A ƙasa muka samu ƙaramin littafin nan, da takarda a ninke a tsakiyarsa. Ita ce, takardar ajiye aiki, bugun tafireta, haruffan sun yi fari-fari saboda tawadar zaren ta bushe, da ƙyar ake karantawa. Kwanan watan ranar ce, har ya sa hannu. Na ce wa Gwaggo to me ya hana shi kaiwa, tun da ba ya bukatar firinta?

"Kai dai karatu gare ka, wayo babu," in ji ta, tana share ido da gefen mayafi. "In ya aje aiki washegari, mi za a ce? A ce ɗan ya ci mutuncin Ciyaman, uban ya ji kunya ya gudu. Ya zauna ne don a san yana bayan abin da ka yi."

Har yau ban san ko na yi daidai ba, kuma ba na so ku yanke mini hukunci da sauri ta kowane ɓangare. Na wanke sunan ubana, na kuma karɓe masa gonarsa, duk da hannu ɗaya, cikin minti guda, ban tambaye shi ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba ni na ceci kakanku ba.

Takardar a shafin waccan Alhamis ɗin take ninke. Daga wannan shafin bai sake rubuta komai a littafin ba. Layi ɗaya ne, irin na sauran ranaku, da rubutun nan nasa mai tsabta: "Ciyaman na nan. Ta yi aiki. Sanusi ne ya gano."

A nan kaɗai, a duk tsawon rayuwarsa, na ga sunana ya fito daga wajensa.